Man Zaitun na Fotugal: Na Trás-os-Montes ko na Alentejo, Wanne Ya Kamata a Saya?

Mutumin da ya shiga babban kanti a Lisbon ko Porto da niyyar sayen man zaitun zai tarar da kwalabe da gwangwanaye jere a kan kanta, kusan dukkansu ɗauke da kalmomin "virgem extra", wato ajin mai mafi daraja, amma farashin wasu ya ninka na wasu sau biyu ko uku. Baƙo yakan ɗauki wanda ya taɓa jin sunansa, ko kuma wanda ya fi tsada bisa zaton cewa tsada ita ce inganci, alhali abin da ya fi bambanta man zaitun na wannan ƙasa shi ne yankin da aka noma 'ya'yan, da irin itacen, da lokacin da aka yi girbi. Fotugal tana da sunayen mai guda shida da Tarayyar Turai ta ba kariya, waɗanda ake buga wa hatimin DOP, kuma uku daga cikinsu na yankin Alentejo ne. A aikace, zaɓin mai saye yakan tsaya ne tsakanin man Trás-os-Montes da ke arewa maso gabas da man Alentejo da ke kudu, kuma shi na Alentejon ma iri biyu ne da bai kamata a haɗa su a ma'auni ɗaya ba.

Trás-os-Montes yanki ne na duwatsu da kwaruruka da ke iyaka da Sifaniya, kuma mutanen wurin sukan ce shekararsu wata tara ne na hunturu, uku kuma na wuta. Itacen zaitun ba ya jure tsananin sanyin tuddan Bragança, saboda haka gonakin sun taru ne a ɓangaren da ake kira Terra Quente, a kewayen garuruwan Mirandela, Valpaços, Vila Flor, Alfândega da Fé, Murça da Macedo de Cavaleiros. Ƙasar wurin tsakuwa ce da wani dutse mai ɓarewa falle-falle wanda ba ya riƙe ruwa sosai, kuma mafi yawan gonakin ƙanana ne na gado, a kan gangaren da babban inji ba ya iya hawa. A galibin wuraren ruwan sama kaɗai itatuwan suke sha. Idan girbi ya zo, daga wajejen Nuwamba zuwa Janairu, sai a shimfiɗa raga a gindin itace, a kaɗe rassan da dogayen sanduna ko da ɗan injin girgiza da mutum ke riƙewa a hannu, sannan a kwashe 'ya'yan a kai gidan matsa, wanda sau da yawa mallakar ƙungiyar manoma ne. Aiki ne na hannu da ake yi cikin sanyi da hazo, kuma itacen da bai sha ban-ruwa ba ba ya bayar da yabanya mai yawa, shi ya sa man yankin ba ya arha.

Irin zaitun da suka mamaye wannan yanki su ne Cobrançosa, Verdeal Transmontana, Madural da Cordovil, kuma akasari haɗa su ake yi. Cobrançosa ce ke ba man halinsa da aka san shi da shi: ƙamshin ɗanyar ciyawa da aka yanka yanzu, da na ganyen tumatir, da ɗanyar tuffa, sai ɗan ɗaci a harshe, daga baya kuma wani maƙaƙi ya kama maƙogwaro har mutum ya yi tari. Verdeal tana ƙara wa ɗacin da maƙaƙin ƙarfi, ita kuwa Madural tana sassauta su da ɗan garɗi. Wanda bai saba ba yakan ɗauka man ya lalace ne idan ya ji wannan maƙaƙi, amma akasin haka ne. Sinadaran folifenol ne ke kawo ɗacin, ɗaya daga cikinsu mai suna oliyokantal kuma shi ke kama maƙogwaro, kuma su ne ke kare man daga saurin tsufa. Dokar Tarayyar Turai ma ta amince a rubuta a jikin kwalba cewa waɗannan sinadarai suna da amfani ga lafiya, amma sai idan yawansu ya kai miligiram 5 a cikin kowane giram 20 na mai, ma'aunin da mai mai laushin ɗanɗano sau da yawa ba ya kaiwa.

Alentejo wata duniya ce daban. Ya cinye kusan kashi ɗaya bisa uku na faɗin ƙasar, fili ne shimfiɗaɗɗe na alkama da gonakin inabi da itatuwan da ake ɓare ɓawonsu ana yin murfin kwalba, kuma zafinsa sananne ne, domin a ƙauyen Amareleja da ke ƙarƙashin Moura ma'aunin zafi ya haura digiri 47 a watan Agustan 2003. Noman zaitun ya daɗe a nan tun zamanin Romawa, ya kuma ci gaba a ƙarnonin da Musulmi suka mulki kudancin ƙasar, daga ƙarni na 8 zuwa na 13. Har yau babban cocin garin Mértola, wanda asalinsa masallaci ne, yana ɗauke da mihrabinsa. Tsoffin gonakin zaitun na Alentejo itatuwa ne manya a warwatse, wajen ɗari ko ƙasa da haka a hekta ɗaya, kuma irin da ya fi yawa shi ne Galega, ƙaramar 'ya mai baƙi idan ta nuna. Manta yana da laushi da ɗan zaƙi, ƙamshinsa na nunanniyar tuffa ne da 'ya'yan almon, ɗacinsa kaɗan ne, maƙaƙinsa ma haka. A kewayen Moura da Serpa ana haɗa ta da Cordovil da Verdeal ta Alentejo, waɗanda ke ƙara mata ɗan kaifi, kuma wannan haɗi ne ya yi wa garin suna har 'yan Fotugal suke kwatanta mutum mai wayo da kyawun man Moura. Man Moura da na Trás-os-Montes duk sun sami hatimin kariya tun 1996. A cikin garin Moura akwai tsohon gidan matsa mai suna Lagar de Varas do Fojo da aka mayar gidan tarihi, inda mutum zai ga manyan gungumen da ake danne markaɗen zaitun da su kafin zuwan injuna.

Abin da ya sauya komai shi ne madatsar ruwa ta Alqueva da aka gina a kan kogin Guadiana, wadda aka rufe ƙofofinta a 2002 ta tara tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 250. Da ruwa ya isa filayen Beja, Ferreira do Alentejo da Serpa, sai manyan kamfanoni, na gida da na Sifaniya, suka dasa sabon salon gona: gajerun itatuwa a jere kamar shinge, tsakanin 1,500 zuwa 2,000 a hekta ɗaya, ana ɗiga musu ruwa da taki ta bututu. Irin da ake dasawa a irin wannan gona galibi na Sifaniya ne, musamman Arbequina da Arbosana. Inji ne ke girbi, irin wanda aka fara ƙerawa don girbin inabi, yana ratsa layin ya haɗiye itatuwan a cikinsa ya kakkaɓe 'ya'yan, kuma cikin sa'o'i kaɗan sun isa gidan matsa. Sakamakon haka, ƙasar da a da ba ta samar da man da zai ishe ta ta zama mai fitarwa zuwa Sifaniya da Birazil da Italiya, ta kuma samar da sama da tan 200,000 a kakar 2021 zuwa 2022. Fiye da kashi uku bisa huɗu na man Fotugal a yau daga Alentejo yake fitowa, kuma mafi yawansa daga waɗannan sababbin gonaki.

Akwai masu raina wannan mai na zamani, kuma a ganina ba su yi masa adalci ba ta fuskar tsafta. Babban abin da ke ɓata man zaitun shi ne a bar 'ya'yan su kwana a buhu suna zafi suna ruɓewa kafin a matse su, kuma a nan sababbin gonakin sun yi wa tsofaffin fintinkau, domin tazarar da ke tsakanin itace da inji gajeriya ce ƙwarai. Galega ta tsohuwar gona kuwa tana da saurin kamuwa da wata cutar ruɓewa da manoma ke kira gafa, musamman a shekarar da aka yi ruwa da yawa a kaka, saboda haka sunan gargajiya kaɗai ba ya tabbatar da inganci. Inda man zamanin ya gaza shi ne wajen hali da juriya. Arbequina tana bayar da mai mai laushi da ɗan ƙamshin ayaba da tuffa, wanda ba ya ɓata wa kowa rai amma kuma ba ya tsaya wa mutum a rai, kuma da yake folifenol ɗinta kaɗan ne, ƙamshinta yana gushewa da wuri. Wanda ya damu da yadda aka samar da abin da yake ci zai so ya san cewa waɗannan gonaki sun jawo muhawara a Fotugal kan yawan shan ruwa, da feshin magani kusa da ƙauyuka, da halin da ma'aikata baƙi suke ciki. Girbin dare da inji ma an dakatar da shi a 2020 bayan an gano yana hallaka tsuntsayen da ke kwana a cikin shingen.

Wurin da bambancin ke fitowa fili shi ne kan faranti, domin 'yan Fotugal ba su ɗauki man zaitun a matsayin abin suya kawai ba, abin zubawa ne a kan abinci bayan an sauke. Abincin da ƙasar ta fi shahara da shi shi ne bacalhau, wato kifin teku mai gishiri da aka busar, wanda ake shigowa da shi galibi daga Norway da Iceland, a jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu ana sauya ruwa kafin a dafa. A daren jajibirin Kirsimeti ana dafa shi da dankalin turawa da kabeji da ƙwai, ba a sa masa miya, sai dai kowa ya kwarara mai a kan nasa. Irin wannan abinci mai gishiri da nauyi yana son man da zai iya tsayawa gabansa, kuma a nan man Trás-os-Montes ya fi dacewa. Haka yake ga salon girkin da ake kira lagareiro, inda ake gasa kifin ko dabbar tekun nan mai hannu takwas tare da ƙananan dankali da aka ɗan murƙushe da dunƙulen hannu, a nutsar da su cikin mai da tafarnuwa. Haka kuma ga posta mirandesa, ƙaton yankan naman sa na ƙasar Miranda do Douro da ake gasawa a kan garwashi da gishiri kaɗai, da gasasshen ɗan akuya, da cukun tumaki na Terrincho. Ɗacin man yana yanke maiƙon nama, kuma ƙamshin ciyawarsa ba ya ɓacewa a cikin hayaƙin gashi.

Abincin Alentejo kuwa abincin talakan gona ne da aka gina a kan burodi kwanan gida, kuma yana neman mai mai laushi. Misali mafi kyau shi ne açorda: a daka tafarnuwa da gishiri da ɗanyen ganyen koriyanda a turmi, a zuba mai, a kwarara tafasasshen ruwa, a jefa yankan busasshen burodi, sannan a ɗora ƙwai da aka dafa ba tare da ɓawo ba. Abubuwa biyar ko shida ne kawai a cikin kwanon, saboda haka idan aka sa mai mai tsananin ɗaci sai ya danne koriyandar ya haɗu da kaifin ɗanyar tafarnuwa, abincin ya yi wa baki nauyi. Galega ko haɗin Moura shi ke barin kowane ɗanɗano ya fito. Haka abin yake ga miyar tumatir mai sanyi da suke sha da rani, da farin kifi ɗanye da aka gasa, da romon ɗan rago da ake zubawa a kan burodi, da kuma kek da biskit na zuma da ake kwaɓawa da man zaitun a maimakon bota. Lemon zaƙi ma ana yanka shi a zuba masa mai, kuma wannan ba ya yiwuwa da mai mai maƙaƙi.

Musulmin da zai ɗanɗana waɗannan abinci a can ya kamata ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin girkin Fotugal yana yawan amfani da naman alade da kitsensa, kuma ana zuba farar giyar inabi a cikin miyar kifi da ta nama da yawa ba tare da an rubuta a takardar abinci ba. Miyar kabeji ta caldo verde kusan kullum da yankan tsiran alade take zuwa, migas na Alentejo, wani girki na jiƙaƙƙen burodi, shi ma akasari da naman alade ake yinsa, kuma tsiran alheira na Mirandela, duk da cewa ana danganta asalinsa da Yahudawan da suka guji alade, yawancin na kasuwa a yau akwai alade a ciki. Shi man zaitun ba shi da wannan matsala ko da gonar da ta samar da shi tana yin giya, kamar yadda manyan gonaki irin su Esporão suke yin duka biyun, domin aikin matsar mai daban yake.

Ga wanda zai kawo man gida ya yi amfani da shi a girkinmu, akwai hanya mai sauƙi ta gane inda kowanne zai shiga. 'Yan Fotugal suna da wani kwaɗo da suke yi da feijão-frade, wanda shi ne dai wakenmu mai baƙin ido, su haɗa shi da kifin gwangwani da albasa da dafaffen ƙwai su zuba mai. Wake yana ɗaukar mai mai ƙarfi sosai, saboda haka man Trás-os-Montes zai zauna daidai a kan garau-garau, da kwaɗon zogale, da gasasshen kifi mai yaji. A kan latas da kokwamba, ko soyayyen ƙwai, ko abincin yara, man Alentejo ya fi. Suya mai yawa irin ta ƙosai ko dankali kuwa asarar kuɗi ce a yi ta da mai mai hatimin DOP. Ba wai ba ya jure wuta ba ne, domin mai mai kyau ba ya fara hayaƙi sai wajen digiri 190 zuwa 210, alhali suya ba ta wuce 180, amma ƙamshin da aka biya kuɗi dominsa wuta ce ke fara cinye shi. Idan da man zaitun ake son yin girkin yau da kullum, babban gwangwani na man sababbin gonaki shi ne daidai, kuma manyan sunaye irin su Oliveira da Serra da Gallo suna ko'ina a kantuna.

Karanta rubutun jikin kwalba ya fi muhimmanci a kan sanin sunan kamfani. "Virgem extra" yana nufin an matse man da inji kawai ba tare da sinadari ba, tsaminsa bai wuce kashi 0.8 cikin 100 ba, kuma masu ɗanɗano ba su sami aibi a cikinsa ba. "Virgem" kaɗai yana iya kaiwa kashi 2. Wanda aka rubuta wa "azeite" ba tare da ƙari ba haɗi ne na man da aka tace a masana'anta da ɗan man asali, kuma bambancinsa da na farko kamar bambancin man ƙuli ne da man gyaɗa na kamfani wanda aka cire wa ƙamshi. Shi wannan tsami da ake rubutawa harshe ba ya jin sa, awo ne na ɗakin gwaji da ke nuna lafiyar 'ya'yan lokacin matsa, don haka kada a ɗauka mai mai kashi 0.2 zai fi mai 0.4 daɗi a baki. Launi ma ba shaida ba ne, shi ya sa masu ɗanɗano na hukuma suke amfani da kofi mai shuɗi don kada ido ya yaudare su. Abubuwa biyu ne suka fi cancantar a duba. Na farko asalin man, domin kamfanin Fotugal yana iya zuba haɗin man ƙasashen Tarayyar Turai a kwalbarsa, kuma doka ta tilasta masa ya rubuta hakan. Na biyu shekarar girbi, wadda ke zuwa bayan kalmar "campanha" ko "colheita". Man zaitun ba ya ƙara kyau da tsufa, kuma bayan wata 18 zuwa shekara biyu mafi kyawunsa ma ya sauka.

Farashi yana hawa da sauka ne bisa abin da ya faru a Sifaniya, wadda ke samar da kusan rabin man zaitun na duniya a shekara mai albarka. Farin da aka yi can a 2022 da 2023 ya sa farashi ya ninka a duk Turai, har da Fotugal, kuma a irin wannan lokaci ne jabun mai yake yawaita, don haka "virgem extra" mai arhar da ta wuce hankali abin tuhuma ne. A kowane hali, man ƙananan gonakin arewa zai fi tsada, tun da ana bukatar kilo 5 zuwa 7 na 'ya'ya kafin a sami lita ɗaya, ko fiye da haka idan an girbe su ɗanyu, kuma hannu ne ya tsinko su. Tsakanin yankunan biyu akwai man Beira Interior da na Ribatejo, waɗanda Galega ta fi yawa a cikinsu, kuma halinsu ya fi kusa da na tsohon Alentejo.

Idan kwalba ɗaya kawai mutum zai saya, kuma zai kai ta ƙasa mai zafi kamar Najeriya ko Nijar, ni man Trás-os-Montes zan ce ya ɗauka, na girbin bana, wanda Cobrançosa ta rinjaya a cikinsa. Dalilin ba daɗi kaɗai ba ne. Zafi da haske da iska su ne abokan gaban man zaitun, kuma mai mai yawan folifenol ya fi jure watannin bazara a ɗakin girki, sannan kaifin da ke iya yi wa baƙo yawa a farko yana raguwa da kansa bayan wasu watanni, ya koma daidai, a lokacin da man Arbequina ya riga ya zama lami. Wanda bakinsa ba ya son ɗaci ko kaɗan, ko kuma zai shanye man cikin wata biyu ko uku, ya nemi na Moura ko na Norte Alentejano, wato na arewacin Alentejo. A duk wanda aka zaɓa, gwangwani ko baƙar kwalba ta fi farar kwalba, kuma ƙananan mazubai biyu sun fi babba ɗaya, domin da zarar an buɗe murfi iska ta fara aikinta. A ajiye shi nesa da murhu da taga. Mai tafiya a jirgi ya tuna cewa dokar ruwa-ruwa a yawancin filayen jirgi ba ta barin fiye da mililita 100 a jakar hannu, saboda haka a babban akwati zai shiga, a naɗe cikin leda.

Shagunan ƙungiyoyin manoma da na gonaki, a Valpaços ko Mirandela ko Moura, sukan bari a ɗanɗana kafin a saya, haka ma a baje kolin Ovibeja da ake yi kowace shekara a Beja, inda ake gasar man zaitun ta ƙasa da ƙasa. A zuba cokali ɗaya a ƙaramin kofi, a rufe bakinsa da tafin hannu ɗaya, a ɗumama gindinsa da ɗayan na kamar minti guda, sannan a shaƙa. Idan an ji ƙamshin ganye ko na 'ya'yan itace, a kurɓa kaɗan a ja iska ta tsakanin haƙora. Idan kuwa warin tsohuwar gyaɗa ko na kakin kyandir ya fara bugun hanci, man ya tsufa, ko da wane hatimi yake ɗauke da shi.